Daga Gidan Kallon Ƙwallo Zuwa Shagon Kwamfuta

Da wuya a sami unguwa a manyan garuruwan ƙasar Hausa wadda ba ta da gidan kallon ƙwallo. Galibi rumfa ce ta kwano, da bencina a jere, da akwatin talabijin biyu ko uku, da janareta yana ruri a baya, sa'annan da allo a bakin ƙofa wanda aka rubuta wasannin ranar a kansa da alli. Wasa dai minti 90 ne, amma hirarsa takan ci mako guda. Ana yin ta a teburin mai shayi da majalisar ƙofar gida da cikin motar haya da ɗakunan kwanan ɗalibai, har ma da ofishin malamai. Dattawa da yawa suna ɗaukar wannan hira a matsayin zaman kashe wando, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, domin kuwa akwai waɗanda kallo ya raba da karatun dare, akwai kuma waɗanda ya jefa cikin caca. Duk da haka, wanda ya yi watsi da hirar ɗungurungum bai yi mata adalci ba.

Duk wanda ya kasa kunne ga masu wannan hira zai lura da cewa ba a cin gardama a cikinta da fatar baki. In wani ya ce ƙungiyarsa ta fi kowace, nan take za a nemi ya kawo shaida. Mai goyon bayan Arsenal zai tuna wa jama'a kakar 2003/2004, lokacin da ƙungiyar ta buga wasa 38 a gasar Firimiya ta Ingila ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Na Liverpool zai ɗauko daren Istanbul na 2005, inda AC Milan ta tafi hutun rabin lokaci da ci uku da nema, aka dawo aka farke su duka, aka kuma ɗauke kofin a bugun fanareti. Ɗan Kano Pillars kuwa zai lissafo 2008 da 2012 da 2013 da 2014, wato shekarun da Sai Masu Gida suka ci gasar Nijeriya, ya ƙara da yadda suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009. Yaron da ake cewa ba ya riƙe karatu shi ne zai kawo waɗannan shekaru da sunaye ba tare da ya duba takarda ba. Ashe ke nan ƙwaƙwalwar tana nan lafiya lau. Abin da ta ga damar riƙewa ne ya bambanta.

Ta fuskar harshe ma hirar ta yi wa Hausa hidima. Ba wani kwamiti ne ya zauna ya tilasta wa jama'a cewa satar gida ko bugun tazara ko bugun kusurwa ko kunnen doki ba. Masu sharhin wasanni a gidajen rediyo da 'yan kallo ne suka yi ta jujjuya kalmomin har suka zauna daram. Wasu an aro su an yi musu kwaskwarima, kamar gola da koci da fanareti. Wasu kuma an ƙera su ne daga cikin gida, kamar bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ya fi kalmar Turancin bayyana abin da ke faruwa a fili. Malamin da ke neman misalan aro da ƙirƙira da faɗaɗa ma'ana ba ya buƙatar tafiya nesa, ɗalibansa sun zo masa da su aji a bakinsu.

Sai dai hirar ƙwallo fuska biyu gare ta. Akwai fuskar hujja, wadda aka bayyana a sama, akwai kuma fuskar ta'assubanci, inda mutum yake bin ƙungiya ido rufe, ko ta ci ko an ci ta. Da yawa daga cikin magoya bayan Arsenal a Nijeriya sun shige ta ne saboda Nwankwo Kanu, wanda ya buga mata daga 1999 zuwa 2004, na Chelsea kuma saboda Mikel Obi. 'Yan wasan sun daɗe da tafiya, soyayyar ta zauna. Wannan ba laifi ba ne a fagen wasa, hasali ma shi ne gishirin abin. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da mai wannan hali ya shiga kasuwa da kuɗin da ya sha wuya kafin ya tara.

Ɗalibin kwalejin ilimi a wannan zamani yana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, wato TRCN, ita ma a kan kwamfuta ake yin ta. Ga jinga, ga shirin darasi a lokacin gwajin koyarwa, ga uwa uba kundin kammala karatu. Akwai masu ganin wayar hannu ta wadatar. Ta wadatar wajen karanta saƙo da binciken gaggawa, amma wanda ya taɓa gwada buga shafi hamsin da babban yatsa ya san iyakarta. Kuɗin sayen na'urar kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Wani buhunan amfanin gona aka sayar, wata tunkiyar mahaifiyarta ce aka kai kasuwa, wani kuma adashi ya yi shekara yana zubi. Tun bayan da aka saki darajar naira a 2023 farashin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ɗaga, har sabuwar na'ura mai inganci ta fi ƙarfin yawancin ɗalibai. Saboda haka akasarinsu ta hannu suke saye, kuma wanda ya yi kuskure a sayen farko da wuya ya sami damar na biyu kafin ya gama makaranta.

Abin mamaki shi ne, samarin da ba su yarda da magana sai da alƙaluma a gidan kallo su ne ke shiga shagon kwamfuta da ta'assubanci zalla. Wannan ya ce shi ɗan HP ne, wancan ya ce in ba Dell ba sai rijiya, kamar dai ana zaɓen ƙungiya. Alhali kowane ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni yana ƙera mai kyau yana kuma ƙera ta jeka-na-yi-ka. Akwai jerin da aka yi domin ma'aikatu, irin su EliteBook na HP da Latitude na Dell da ThinkPad na Lenovo, waɗanda aka gina da ƙwari, ana kuma samun kayan gyaransu cikin sauƙi. Akwai kuma masu sheƙi da jikin roba waɗanda aka yi domin araha, maƙalar murfinsu takan karye tun ba a je ko'ina ba. Sunan da ke bayan murfi bai isa ya raba tsakaninsu ba.

Kowane ɗan kallo ya san cewa suna da tsada ba su ne cin ƙwallo ba. A watan Janairun 2011 Chelsea ta sayi Fernando Torres a kan fam miliyan 50, ya buga mata wasa 110 a gasar Firimiya ya ci ƙwallo 20 kacal. A 2012 Leicester City ta ɗauko Jamie Vardy daga wata ƙaramar ƙungiya a kan fam miliyan 1, shi ne kuma ya zura ƙwallo 24 a kakar 2015/2016 da ƙungiyar ta ɗauki kofi. Haka nan babu mai hankalin da zai sayi ɗan wasa bai tambayi shekarunsa ba, komai shahararsa. To, ita ma ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira furosesa, tana da shekaru. Mai shago zai nuna tambarin Core i7 ya ce ai wannan ita ce babba, ta fi i5. Gaskiya ya faɗa in zamaninsu ɗaya, amma sau da yawa ba ɗaya ba ne. Zamanin yana cikin lambar da ke biye da sunan. Alal misali, i7-2620M 'yar zubi na biyu ce, ta 2011, mai cibiyar aiki biyu. Ita kuwa i5-8250U 'yar zubi na takwas ce, ta 2017, mai cibiya huɗu, kuma ta fi waccan sauri da tattalin batir nesa ba kusa ba. Wanda ya bi tambari ya bar lamba ya sayi tsohon gwarzo ne da ƙafa ta riga ta tafi.

Wannan batu na zubi ya ƙara nauyi tun daga 14 ga Oktoba, 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Ita kuwa Windows 11, a bisa ƙa'idar kamfanin, ba ta karɓar yawancin na'urorin Intel da suka gaza zubi na takwas. Ana iya ɗora ta ta bayan gida, masu gyara ma suna yi, amma mai saye ya kamata ya san abin da ya saya, ya kuma nemi ragi a kansa.

Bayan furosesa sai ram, wato wurin da na'ura ke baza aikin da take kai, kamar faɗin teburin marubuci. Giga 4 ita ce mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, kuma da ita na'ura takan yi ta nishi da zarar an buɗe takarda biyu da shafin intanet. Giga 8 ta fi dacewa, in kuma aljihu bai kai ba, a tambaya ko akwai gurbin ƙari a gaba, domin wasu na'urorin an like musu ram ɗin ba ya ciruwa. Sai ma'adana. Tsohuwar ma'adana faifai ce mai juyawa da allura a kansa, ga nawa ga rashin jure jijjiga. Wadda ake kira SSD ba ta da wani abu mai motsi a cikinta. Ga ɗalibin da kullum na'urarsa ke cikin jaka a bayan babur ko cikin A Daidaita Sahu, SSD mai giga 256 ta fi masa faifai mai giga 500 alheri, ko da yake lambar ta biyu ta fi cika ido.

Batir kuwa shi ne abin da aka fi yin sakaci da shi, alhali a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas shi ya kamata a fara dubawa. Na'urar da ke mutuwa da zarar an zare caja ta tashi daga tafi-da-gidanka ta koma ta girke. Ba sai an dogara da rantsuwar mai shago ba: in aka buga umarnin powercfg /batteryreport, Windows za ta fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yanzu. Kamar dai gwajin lafiyar da ake yi wa ɗan wasa ne kafin a sa hannu a kwantiragi. A saurari fanka, domin ƙurar hunturu da zafin bazara ba su raga wa na'urar da iska ba ta ratsa ta. A duba allo ko da tabo, a gwada kowace kafa ta sa filashi, a tabbatar ba a kulle na'urar da kalmar sirrin wata ma'aikata ba. A kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, saboda kayan sata ma suna shiga kasuwa, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ke kwana a caji ofis.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, gara a daure a sayi sabuwa mai araha a cikin kwalinta. Suna da gaskiya ta fuskar garanti da sabon batir. Amma sabuwar da kuɗin ɗalibi za su iya kaiwa gare ta galibi mai ƙaramar furosesa ce irin Celeron, da ram giga 4 da ma'adana ƙanƙanuwa wadda Windows kaɗai za ta kusa cikewa. Ta hannu mai ƙwari da aka gwada da kyau takan fi irin wannan daɗewa tana aiki. Sharaɗin dai shi ne gwajin, kuma wanda bai iya ba ya tafi da wanda ya iya, ba wanda ya fi kowa baki a majalisa ba.

Saura abu guda da ya keɓanta ga ɗalibin Hausa, wanda mai shago ba zai taɓa ambata masa ba, wato baƙaƙe masu lanƙwasa. Tsakanin kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ko daka da ɗaka, lanƙwasa ce kawai, kuma malamin da ya raba wa yara takardar jarrabawa babu ita ya koya musu kuskure da hannunsa. A da, sai an ɗora wa kwamfuta wani tsarin haruffa na musamman, irin su Rabi'at, kuma in aka kai aikin wata na'urar da ba ta da shi sai baƙaƙen su rikiɗe su koma wasu alamomi. Ɗalibai da dama sun ga haka a kundinsu a shagon buga takardu, ana gobe miƙawa. Yanzu waɗannan baƙaƙe suna cikin tsarin Unicode, kuma Windows tana ɗauke da tsarin madannai na Hausa wanda sai dai a kunna shi a sashen harsuna. Ko ba a kunna ba, a cikin Word in aka buga 0199 aka danna Alt da X tare sai ƙ ta fito, 0257 ta ba da ɗ, 0253 kuma ta ba da ɓ. Wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada ko kaɗan, amma yana buƙatar madannai masu lafiya. Don haka kafin a biya kuɗi, a buɗe shafi a danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya, har da Alt na dama da alamar ɗauri wadda ake rubuta 'ya'ya da ma'ana da ita, domin a na'urorin hannu da aka shigo da su daga Jamus ko Faransa jerin baƙaƙen ya saɓa wa wanda aka saba da shi.