Dala Dubu A Kan Bulon Roba: Wasa Ne Ko Tatsa?

Mai karatu, gyara zama ka ji wani ciniki. A cikin Oktoba 2025, kamfanin LEGO na ƙasar Denmak ya fito da wani kwalin kayan wasa mai suna Death Star, wato tashar yaƙin nan mai kama da wata da ake gani a finafinan Star Wars. A cikin kwalin akwai 'yan bulullukan roba guda 9,023 da ake harhaɗawa, da 'yan tsana, da littafin da ke nuna yadda ake ginin. Kuɗin sa a Amurka dala 999.99. Saura kwabo ɗaya ya cika dubu! A canjin lokacin, kuɗin sun haura Naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. In ka auna da mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a Nijeriya a 2024, albashin wata 20 kenan, ba ci ba sha.

Na san wani zai ce, to ina ruwan mu? Ina ruwan mujallar fim da kayan wasan yara? Da ruwan mu mana. Wannan kwalin ɗan fim ne. Ba don fim ba da babu wanda zai kalle shi sau biyu a wannan farashin. Kuma 'ya'yan mu da ƙannen mu su na kallon finafinan nan a dish da waya, su na ganin tallar, su na maƙale wa duk wanda zai je Dubai ko Ingila ya yo masu tsaraba. Don haka tun yanzu bari in faɗi inda na tsaya: kayan ginin da ke ɗauke da sunan fim sun yi tsadar da ta wuce hankali, kuma ƙarin da ake ɗora masu harajin soyayya ne. Ka so fim, an gane ka na son sa, an sa wa son naka farashi.

Bari mu fara da asali. Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya soma sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund a 1932. Sunan LEGO ya samo shi ne daga kalmomi biyu na yaren su masu nufin a yi wasa da kyau. A 1958 aka yi rajistar bulon da mu ka sani a yau, mai 'yan ƙusoshi a sama da 'yan bututu a ƙasa, wanda in ka danna shi a kan ɗan'uwan sa sai ya kama gam. Hikimar abin ita ce bulo ba shi da labari. Yaro ne ke ba shi labari. Yau gida, gobe jirgi, jibi a rushe a yi gada. Shekaru 41 ana haka kafin kamfanin ya fito da kayan Star Wars na farko a 1999, shekarar da fim ɗin The Phantom Menace ya fito. A 2001 Harry Potter ya biyo baya. Daga nan ƙofa ta buɗe: Batman, Marvel, Jurassic World, The Lord of the Rings, da sauran su.

To yanzu mu zo ga lissafi, tunda shi ba ya son kai. A Nuwamba 2021 kamfanin ya saki manyan kwalaye guda biyu. Na farko jirgin ruwan Titanic ne, wato jirgin tarihi da ya nutse a 1912, ba na fim ɗin James Cameron ba. Bulo 9,090, kuɗin sa dala 629.99. Na biyu AT-AT ne, motar yaƙin nan mai ƙafa huɗu kamar raƙumi ta Star Wars; bulo 6,785, kuɗin sa dala 799.99. Duba da kyau. Kamfani ɗaya, wata ɗaya, roba iri ɗaya. Wanda ke ɗauke da sunan fim ya gaza ɗayan da bulo 2,305, amma ya fi shi tsada da dala 170. A Titanic kowane bulo bai cika santi 7 ba, a AT-AT ya kusa santi 12. Ga wani kuma: hasumiyar Eiffel ta birnin Paris da su ka yi a 2022 bulo 10,001 ce, dala 629.99. Ta fi Death Star yawan bulo da kusan dubu guda, amma Death Star ta ɗara ta da dala 370. Jama'a, in ba sunan ake saye ba, me ake saye?

Masu kare kamfanin su na da amsoshi, kuma ba zan ɓoye maka su ba. Na farko su kan ce ƙidayar bulo ba ita ce ma'auni ba, domin wani bulon ƙanƙane ne kamar ƙwayar wake, wani kuma faffaɗa ne kamar tafin hannu. Wannan gaskiya ne. Su kan kuma kawo misalin makarantar Hogwarts ta Harry Potter da aka yi a 2018: bulo 6,020 a dala 399.99, ga sunan fim ga sauƙi, ko da yake yawancin bulon ƙanana ne. To amma wannan misalin ni ya taimaka wa. In har za a iya biyan masu Harry Potter haƙƙin su kuma a saida kaya a haka, ashe lasisi kaɗai bai isa ya bayyana tsadar Star Wars ba. Abin da ake yi shi ne a auna zurfin aljihun masoyi da zurfin son da ya ke yi. Wanda ya kalli Star Wars ya na ɗan shekara 10 a 1977, yau dattijo ne mai abin hannu. Shi ake hari, kuma an san ba zai iya kauda kai ba. So hana ganin laifi.

Amsa ta biyu ita ce inganci. Su ce sayen nagari maida kuɗi gida. Bulon 1958 har yau ya na kama na bana. Na yarda, kayan su na da kyau. Sai dai ai ingancin nan ɗaya ne a kowane kwali. Injin da ya zuba bulon jirgin Titanic shi ya zuba na AT-AT, daga roba iri guda. Ba a zuba wa na fim gwal a ciki ba. Inganci zai iya bayyana dalilin da ya sa LEGO ya fi na wasu kamfanoni tsada, amma ba zai bayyana dalilin da ya sa LEGO ya fi LEGO tsada ba.

Amsa ta uku: wai kuɗin aiki sun ƙaru. Da wannan hujjar aka ƙara farashin kwalaye da dama a 2022. Jirgin Millennium Falcon mai bulo 7,541, wanda ya fito a 2017 a dala 799.99, ya koma 849.99, kaya ɗaya, ba a ƙara masa ko ƙusa ba. To mu leƙa littafin kamfanin. A 2024 sun yi cinikin kuɗin Denmak, wato krone, biliyan 74.3, ribar da ta rage bayan an cire komai biliyan 13.8. Kusan 19 cikin kowane 100 kenan. Wannan ba hoton ɗan kasuwar da ruwa ya kai wa wuya ba ne.

Ka san abin da ya sa su ka rungumi fim haka? Rajistar da ta hana kowa yin irin bulon su ta ƙare tun 1978. Sun yi ta shari'a don su ci gaba da riƙe siffar bulon su kaɗai, amma Kotun Ƙolin Kanada ta kada su a 2005, Kotun Tarayyar Turai ta sake kada su a 2010. Ma'ana, yau kowa na iya zuba bulo mai kama nasu bisa doka, kuma akwai masu yi, irin su Mega da Cobi na ƙasar Foland. Abin da ba kowa ke iya yi ba shi ne ya rubuta Star Wars a jikin kwalin bulo. Katangar da doka ta rushe, sai aka sake gina ta da sunan fim. A cikin katangar nan babu mai taya ka ciniki: in ka na so ka biya, in ba ka so ka yi gaba.

Sannan ga dabarun da ke biyo baya. Ɗan tsanar jarumin da yaro ya fi so sai a ɓoye shi cikin kwali mai tsada, ba a saida shi shi kaɗai. Ka na son mutum ɗaya, sai ka sayi gari guda. Bayan 'yan shekaru kuma a daina buga kwalin, farashin sa ya yi tashin gwauron zabo a hannun 'yan kiri. Falcon na farko da aka yi a 2007 a dala 499.99 sai da ya kai dubban daloli a hannun masu saidawa kafin a fito da sabo. Wannan ya haifi wasu mutane masu sayen kwali su kulle a ɗaki ba tare da sun ɓare shi ba, su na jiran ya yi daraja. Kayan wasan da ba a wasa da shi! Da kafintan Billund zai ɗago kai ya gani, da ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Inda abin ya fi ci mani rai, a matsayi na na mai sharhin fim, shi ne ɓarnar da wannan ciniki ke yi wa fim ɗin kan sa. Labarin ya faro ne daga George Lucas, wanda ya dage a kan haƙƙin kayayyakin da za a yi da sunan Star Wars lokacin da manyan Hollywood ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Fim ya fito a Mayu 1977 ya karɓu fiye da zato, har kamfanin Kenner mai yin 'yan tsanar ya kasa kammala kaya kafin Kirsimeti. Ka san abin da su ka yi? Kwali su ka saida wa iyaye, da takardar alƙawarin za a aiko da 'yan tsana huɗu a shekara mai zuwa. Kuma aka saya! Tun ranar 'yan kasuwa su ka gane cewa masoyin fim zai biya kuɗi ko a kan kwalin da babu kaya. Gary Kurtz, furodusan finafinai biyu na farko, ya faɗa daga baya cewa cinikin kayan wasa ne ya koma jan ragamar labarin. Joel Schumacher, daraktan Batman & Robin na 1997, shi ma ya ce an matsa masa ya yi fim ɗin yadda zai saida kayan wasa; kowa ya ga irin kunyar da fim ɗin ya sha. Da Disney ta sayi kamfanin Lucas a 2012 a kan sama da dala biliyan 4, ka na zaton tsofaffin finafinai kaɗai ta saya? Duk lokacin da ka ga an cusa sabon jirgi ko sabuwar dabba a fim ba tare da labari ya buƙace su ba, tambayi kan ka: marubuci ne ya sa su, ko ɗan kasuwa?

Abin dariya, LEGO da kan su sun yi fim a kan wannan cutar. A The LEGO Movie na 2014, mugun labarin a ƙarshe uba ne da ya hana ɗan sa taɓa gine-ginen sa, ya na shafa masu gam don kada su motsa. Darasin fim ɗin: a bar yaro ya rushe ya gina abin da ran sa ya ke so. Shekara shida bayan haka, a 2020, kamfanin ya soma buga tambarin 18+ a manyan kwalaye, ya na tallata su ga manya masu ginawa su ajiye a kanta. Sun yi wa uban nan dariya a silima, sannan su ka buɗe masa shago.

Kada a yi mani mummunar fahimta, ba na adawa da haƙƙin mallaka. Mu da mu ka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar kaset da sidi ta finafinan Hausa, mu ka ga ana buga fuskokin 'yan wasan mu a kalanda da sitika ana saidawa ba tare da an ko sallame su ba, mu ne ƙarshen waɗanda za su ce kada a biya mai fasaha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, mun san ɗacin sa. Don haka ba zan ce ka sayi jabu ba. Masu Lepin na ƙasar Sin da su ka riƙa kwafar kwalayen LEGO har da zanen jikin su ɓarayi ne, kuma 'yan sandan ƙasar su sun dira a kan su a 2019. Amma tsakanin a biya mai haƙƙi da a tatse mai so akwai tafiyar kwana da kwanaki. Furodusan mu su koyi na farko, Allah ya tsare su da na biyu.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya hore maka za ka yi wa yaro tsaraba, tsallake kwalin da ke da hoton jarumi. Nemi na zallar bulo kala-kala, irin wanda su ke kira Classic, ko na wani kamfanin da ke aiki bisa doka. Juye masa a tabarma ka koma gefe. In jirgin Star Wars ya ke so, zai gina shi da kan sa, karkatacce, fiffike ɗaya ja ɗaya shuɗi, kuma gobe ya rushe shi ya yi masallaci ko tirela. Yaran da su ka tashi su na ƙera mota da karan dawa da gwangwanin madara ba su taɓa jiran littafin umarni ba. Son fim kyauta ka same shi a zuciyar ka. Wanda ya ce sai ka biya dala dubu kafin ka nuna shi, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.