Sharhi: Shin ginin soso da kankare zai yi wa mutanen Gure rana?

Ranar 3 ga watan Satumban 2024, tsohon masallacin unguwar Birni da ke Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A waccan daminar mutum sama da 300 ne suka rasa rayukansu a faɗin Nijar, ambaliya ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A watan Oktoban ne kuma gwamnati ta rage farashin siminti da kusan kashi 35 cikin ɗari domin jama'a su samu su sake gini.

Tun daga nan mutane da dama suka yanke wa ginin ƙasa hukunci. Ɗan Gure da ke nema a Libiya, ko Aljeriya, ko Legas, idan ya turo kuɗin gina wa mahaifiya ɗaki, sharaɗinsa guda ne: a yi na siminti. Sai dai duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ya san an gudu ne ba a tsira ba. Shi ya sa bidiyoyin wani salon gini da ke yawo a TikTok da Facebook suke ɗaukar hankalin matasa, inda ake ganin Turawa na jera fararen tubala marasa nauyi, cikin 'yan kwanaki bango ya tashi.

Tubalan na farin soso ne, irin wanda ake tallafe sabon talabijin da shi a cikin kwali, ɗan uwan mazubin abincin nan da jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024. Kowane tubali faifai biyu ne na soso da aka haɗa da maƙalan roba, tsakiyarsu a buɗe. Ana jera su, a zura rodi, sannan a kwarara kankare a tsakiya, galibi mai kaurin santimita 15. Idan kankaren ya kama, ba a cire soson kamar yadda ake cire katako. Nan zai zauna har abada, ciki da waje, yana tare zafi da sanyi. Fasahar ba sabuwa ba ce. Kamfanin BASF na Jamus ne ya ƙirƙiro irin wannan soso a farkon shekarun 1950, wani ɗan kwangila a Kanada mai suna Werner Gregori kuma ya yi rajistar dabarar gini da shi a 1966. Ko a Najeriya an gina rukunin gidaje a unguwar Mbora ta Abuja da wani salo mai kama da wannan, wanda ake sa faifan soso a tsakiya a yaɓe shi da siminti.

Maganar gaskiya, salon yana da abin yabo, kuma wasu alfanunsa kamar don Gure aka yi su. Ba ya buƙatar katakon zuba kankare, a yankin da itace ya yi ƙaranci har rairayi ke binne kwaruruwan dabino da goruba. Soson yana riƙe laimar kankare, don haka ba sai an yi ta yi wa bango ban-ruwa safe da yamma ba, kuma duk wanda ya san kuɗin ruwa a jihar Damagaram ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarfi kuwa ba a magana: bangon kankare mai rodi ba ya jiƙewa ya zube.

Amma a zo ga lissafi. Bango mai kaurin santimita 15 na kankare zalla yana cin kusan buhu ɗaya na siminti a kowace murabba'in mita, idan an yi kwaɓi na ƙa'ida. Ɗaki guda mai mita 4 kowane gefe da tsayin mita 3 zai lashe buhu 40 da wani abu, wato tan biyu, a bango kaɗai, ba a zo ga tushe da daɓe da rufi ba, ba a kuma lissafa rodi da tsakuwa ba. Ginin bulo na yau da kullum bai cika wuce rabin wannan ba. Simintin kuma daga Malbaza zai taso, tafiyar kusan kilomita 600, ya ratsa Maraɗi da Damagaram kafin ya ƙarasa kilomita 160 ɗin ƙarshe zuwa Gure. Shi kansa soson, duk da cewa daga man fetur ake samo shi, matatar SORAZ ba ta yin sa. Dole a shigo da shi, kuma kusan kashi 98 cikin ɗari na jikinsa iska ce. Wato za ka biya kuɗin tirela guda don ta ɗauko maka iska.

Akwai kuma abin da masu bidiyo ba sa faɗa. An ƙera wannan bango ne domin gidan da ake hura wa ɗumi ko sanyi da na'ura. Soso ba ya samar da sanyi, riƙe wanda ya tarar kawai yake yi, kamar kular ƙanƙara. Idan akwai na'urar sanyaya ɗaki, zai rage maka kuɗin wuta sosai. Idan babu, zafin da ya shigo ta rufi da taga shi ma zai riƙe shi. Ginin ƙasa na kakanninmu wata hikima ce daban: kaurin bangon yana shanye zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi a hankali. A bangon soso an lulluɓe kankaren ta ciki, don haka wannan amfanin ya ragu ƙwarai. Wutar da za a dogara da ita kuma, an ga yadda ta kasance lokacin da Najeriya ta yanke layin da take bai wa Nijar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana fama.

Sai gara. Ba ta cin soso a matsayin abinci, amma tana haƙa hanya a cikinsa ta hau har rufi ba wanda ya gani. Ko a Amurka dokokin gini sun taƙaita sa soso a ƙarƙashin ƙasa a yankunan da gara ta yi yawa. Soson kuma yana narkewa ya ci wuta, dole a rufe shi da filasta ko allon silin mai jure gobara.

Abin da ya fi damuna shi ne batun amana, musamman ga mai gini daga nesa. Kankaren wannan salo ana zuba shi ne hawa-hawa, kamar mita ɗaya a lokaci guda, ana girgiza shi don ya cike kowane lungu. Idan aka gaggauta, soson ya fashe. Idan aka yi sakaci, ramuka su zauna a cikin bango. A ginin bulo, ha'inci yana nuna kansa, ka murza da yatsa ka ga yashi na zuba. A nan kuwa soso ya rufe komai. Wanda ke Sabha ko Tamanrasset yana duba aikin gidansa ta WhatsApp zai ga farin bango sumul, bai san ko an rage rodi ko an yi ƙwauron siminti ba.

Idan aka duba yadda gidajen ƙasa ke faɗuwa da damina, akasari ba daga tsakiyar bango matsalar ke farawa ba. Ruwa ne ke kwanciya a gindin gini ya cinye shi, ko rufi ya yi yoyo saboda indararo ya toshe, ko an yi ginin a kan hanyar ruwa. Zafin ɗakin bulo kuma, kaso mai tsoka daga kwano yake saukowa. Saboda haka mai kuɗi ƙalilan ya fi cin riba idan ya zuba simintinsa a tushe, ya ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa, ya fitar da bakin rufi ya kare bango, sannan idan yana son soso ya shimfiɗa shi ƙarƙashin kwano, inda faifai kaɗan za su yi aiki mai yawa. Misalan gyara ginin ƙasa kuma suna nan cikin gida. Tun 1980 aka fara gini ba tare da itace ba a Cikal, ana rufi da tubalin ƙasa a siffar kubba. Mai zanen gine-gine Mariam Kamara ta yi gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, ta kuma yi masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa tare da Yasaman Esmaili a 2018.

Inda bangon soso da kankare zai biya kuɗinsa a Gure shi ne wurin da dole a riƙe sanyi dare da rana da wutar sola: ɗakin ajiye alluran rigakafi, ɗakin haihuwa a asibiti, shagon mai sayar da ƙanƙara ko madara. A irin waɗannan wurare kowane maki na zafi da bango ya tare yana rage yawan faifan sola da batirin da za a saya, kuma akwai injiniyan da zai tsaya a kan aikin ranar zuba kankare.