Riga Ta Yi Kyau, Rafi Ya Mutu: Raddi Ga Masu Cewa A Sassauta Wa Masaƙu

Duk lokacin da aka yi sabuwar gwamnati a ƙasar nan, ba a rasa wani babban jami'i da zai tsaya a ƙofar wata tsohuwar masaƙa, a Kakuri ko a Sharaɗa ko a Ikeja, ya yi alkawarin cewa injunan da suka yi tsatsa za su sake ruri. Mu ma fatanmu ke nan, domin da yawa daga cikinmu da albashin masaƙa aka biya mana kuɗin makaranta. To amma akwai wata murya da ke bin wannan alkawari kamar jela. Muryar tana cewa, tun da masana'antar tana kwance rai a hannun Allah, kada a dame ta da maganar muhalli. A bari ta miƙe tukuna, in ta yi ƙwari sai a yi zancen tsabtar ruwa. Wannan murya muke so mu yi wa raddi, domin a ganinmu son banza ne aka naɗa wa rawanin tausayin ma'aikaci.

Bari mu fara da abin da ke fita ta bayan masaƙa, tun da kowa ya san abin da ke fita ta gabanta. Kafin yadi ya zama atamfa, sai an wanke shi da soda mai ƙuna, an sa masa sinadarin da zai faranta shi, sannan a tsoma shi a galura tare da gishiri mai ɗimbin yawa domin launi ya kama. Kilo guda na yadi yakan lashe lita 100 ta ruwa, ko fiye. Ba dukkan galurar ke kama zare ba. Ragowarta da gishirin da sodar duk suna bin lambatu. Idan wannan dagwalo ya shiga rafi, launinsa yakan tare hasken rana, ruɓarsa ta cinye iskar da kifi ke shaƙa, gishirinsa kuma ya kashe ƙasar noma a hankali. A Kano, dagwalon Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, inda manoman rani ke ban ruwan latas da alayyafo. Gaskiya ne majemu suna da kaso mai tsoka a wannan ɓarna, amma masu rini ba su fita ba. A Kaduna kuwa, duk wanda ya zauna Kakuri a zamanin da masaƙu ke aiki ya san lambatun Makera, wanda yakan sauya launi gwargwadon rinin da aka yi a ranar, kafin ya zube a kogin Kaduna. Mai masaƙa ba ya shan wannan ruwa. Masunci da manomi da matar da ke wanki a bakin rafi su ke sha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjar farko ta masu neman sassauci ita ce, wai tsananta doka zai kashe masana'antar. Muna tambayarsu: wace doka ce ta kashe ta a karon farko? An buɗe babbar masaƙar Kaduna, wato KTL, a 1957, kuma zuwa shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura 150, babu wata masana'anta da ta kai su ɗaukar ma'aikata. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Abin da ya durƙusar da su sananne ne: rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, faɗuwar darajar Naira tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986, tsufan injuna, da kuma kwararowar yadin waje ta halal da ta fasa-ƙwauri, har Kantin Kwari ta koma rumbun atamfar Sin. A duk tsawon waɗannan shekaru an bar su suna zubar da dagwalo yadda suka ga dama, amma hakan bai hana su mutuwa ba. Ke nan an yi mana biyu babu: ba mu tsira da masaƙa ba, ba mu tsira da rafi ba. Wanda ya gwada magani shekara arba'in bai ga sauƙi ba, in ya ce a ƙara masa irinsa, to sai a duba hankalinsa.

Daɗin daɗawa, dokar da ake kuka da ita ba baƙuwa ba ce. A 1988 aka gano an jibge dubban ganguna na guba daga Italiya a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel. Wannan abin kunya ya sa gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a cikin shekarar. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka wajabta wa kowace masana'anta ta tace dagwalonta kafin ta sake shi. A 2007 aka kafa NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan masaƙu da ɗinkin tufafi da fatu da takalma. Saboda haka idan muka ce a tsananta, abin da muke nufi shi ne a sauko da dokar daga kan takarda, a kai ta bakin lambatu. Dokar da ba ta da ɗakin awo, ba ta da motar zuwa duba masana'anta, jami'inta kuma yana jiran mai masaƙa ya ba shi kuɗin mota, ai dodon gona ce. Tsuntsaye sun daɗe da gane ta, har a kanta suke sauka su huta.

Hujja ta biyu ita ce, wai a jira sai an yi arziki. To, a dubi garin Tirupur da ke kudancin Indiya, cibiyar saƙa singileti da rigunan sanyi da ake kaiwa Turai da Amurka. Shekara da shekaru marinan garin suna zuba dagwalo a kogin Noyyal, har ruwan madatsar Orathupalayam ya zama ba ya noma, ba ya shayar da dabba. Manoma suka kai ƙara. A farkon 2011 Babbar Kotun Madras ta ba da umarnin rufe wuraren rini da wanke yadi wajen 700, har sai sun daina sakin ko ɗigo guda a cikin kogin. Ba za mu ɓoye ba, an sha wuya: dubban ma'aikata sun zauna ba aiki, wasu marinan kuma sun sulale zuwa inda doka ba ta da haƙora. Amma waɗanda suka tsaya sun haɗa hannu a matatun tarayya, inda ake tace ruwan a mayar da shi aiki, a kuma tsamo gishirin a sake rini da shi, garin kuma bai daina sayar wa duniya kaya ba. Darasin a bayyane yake. Tsabtar da aka ƙi yi da araha tun farko, da tsada aka yi ta daga baya, bayan gonaki sun riga sun lalace. Tun ran gini ran zane. Mu da masaƙunmu ke a rufe, yanzu ne ma ya fi sauƙi a ce duk wadda za ta buɗe, ta buɗe da matatarta.

Hujja ta uku ita ce, wai maganar muhalli fi'ilin Turawa ne, mu yunwa ce ta dame mu. Wannan ita ce mafi rauni, domin abin da Turai ke yi a gidanta a kanmu zai ƙare. Tun 1994 Jamus ta haramta wasu nau'o'in galura masu haddasa cutar daji, Tarayyar Turai ta bi baya a 2002. Faransa ta yi doka a 2020 da ta hana kamfanoni ƙona ko binne tufafin da suka yi kwantai. Tarayyar Turai ta yi makamanciyarta a 2024, ta kuma wajabta wa ƙasashenta tattara tsofaffin tufafi daban da sauran shara daga farkon 2025. Wannan yana nufin abu biyu a gare mu. Na farko, masaƙar da aka farfaɗo da ita a kan tsohuwar ɗabi'a ba za ta sami mai saye a waɗancan kasuwanni ba. Na biyu, tufafin da aka hana binnewa a can dole su nemi wurin zuwa, kuma ruwa ba ya gangara sai inda ya ga kwari. A kasuwar Kantamanto ta Accra an ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ke shiga kowane mako, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma shara suke zama, su toshe magudanan ruwa, su cika gaɓar teku. Mu a nan an daɗe da sa gwanjo cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su, amma wanda ya taɓa zuwa Katangowa ko Yaba ranar fasa dila ya san matsayin wannan haramci. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuma ma wa ya ce kula da abin da rini ke bari a baya baƙon abu ne a wurin Bahaushe? Marinan Ƙofar Mata, waɗanda ake danganta kafuwar karofinsu da shekarar 1498, da baba da toka suke aiki. Ruwan karofi guda yakan yi watanni ana rini da shi, in ya mutu a kwashe laka a ƙona ta zama katsi, katsin kuma a mayar da shi aiki, ko a haɗa laso da shi a shafe rufin soro. Ba muna cewa a rufe masaƙa a koma karofi ba ne. Karofi ba zai tufatar da mutum miliyan 200 ba. Muna dai tunatar da masu kiran tsabta al'adar Bature cewa kakanninsu sun riga Baturen sani.

Sai dai muna da kashedi ga hukuma. Tsananta doka a ƙasar nan yakan fara ne a kan mai ƙaramin ƙarfi, a nan kuma yake ƙarewa. Ba mu yarda a bar mai bututun da ke amai dare da rana ba, a je ana kifar da baho na mai rinin shadda a lungun Kano, ko na matar da ke rinin adire a Itoku ta Abeokuta, ko a kwashe kayan ɗan gwanjon da ya ci bashi ya sayi dila. Su ma dagwalonsu yana da illa, amma maganinsu shi ne a keɓe musu wuri mai matata guda ta kowa da kowa, su riƙa biyan abin da ba zai karya su ba. Ga manyan kuwa, buƙatunmu uku ne. Na ɗaya, duk wani rance ko rangwamen haraji da za a bai wa masaƙa, irin asusun Naira biliyan 100 da aka ɗora wa Bankin Masana'antu rabawa a 2010, a ɗaure shi da sharaɗin matata mai aiki. Na biyu, a riƙa auna ruwan da ke fita daga kowace masana'anta, a kuma karanta sakamakon a rediyo da harshen mutanen da ke shan ruwan. Na uku, a mayar da tara ta fi kuɗin tacewa tsada, domin muddin biyan tara ya fi arha, to tara ta zama kuɗin haya na kogi.

A ƙarshe, ga ɗalibanmu masu riƙe da alƙalami. Bahaushe yakan kira tufa da sutura, wato abin da ke rufa wa mutum asiri. Muna roƙonku, duk sanda kuka zo siffanta ƙyallin shaddar ango ko kwalliyar amarya a cikin labaranku, ku ɗan bi lambatun da aka rina su, ku ga inda ya ƙare, ku ga wanda ke tsugune a can da ƙwarya a hannu. Shi ma ɗan ƙasa ne, shi ma yana da haƙƙi a kan alƙalaminku. Suturar da ta rufa asirin wani ta tona na wani, da sauranta.