A Riƙa Auna Ganyen Darbejiyar Wudil

A ƙasashen Turai akwai wata itaciya da ake kira fayin, mai ganye siri-siri kamar allura, wanda yakan shekara biyu ko uku bai kaɗe ba. Bayan ganyen yana da maiƙo, saboda haka abin da hayaƙi da ƙura suka kwaso, irin su darma da farar wuta, sai ya manne masa ya yi ta taruwa. Tun 1985 ƙasashen suka haɗa kai wajen sa ido kan lafiyar dazuzzukansu, awon ganye kuwa yana cikin aikin. Da haka sukan gane inda iska ta gurɓace tun ba a kai ga kwanciya asibiti ba.

Wudil ba ta da fayin, amma tana da darbejiya, ga ta nan jere a bakin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Manyan motoci suna ratsa gadar garin dare da rana, balle ran Juma'a da kasuwar kara ke ci. An daina zuba darma a fetur a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara tun farkon 2006, to amma darma ba ta ruɓewa. Wadda ta riga ta zuba tana nan cikin turɓayar gefen titi, iska tana ɗaga ta. Ga kuma kogin, wanda ke ɗauko ruwan Challawa, inda dagwalon masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa ke kwarara, da sinadarin kuromiyam a cikinsa. Da wannan ruwa ake ban-ruwan lambuna.

Abin dubawa shi ne, ganyen nan ba ado kaɗai ba ne. Mai zazzaɓi yakan tsinko shi a bakin hanya ya dafa ya sha, a kuma yi wa yara wanka da shi. Wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar darma ta hallaka a 2010, ya san ita ba ta sallama kafin ta shiga gida.

Aikin kuwa ba mai tsada ba ne. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana cikin garin tun 2001, da malamanta da ɗalibanta. Ya kamata Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano ta ɗora mata alhakin ware itatuwa a bakin gada, da kasuwa, da lambunan bakin kogi, da kuma wani ƙauye nesa da titi don gwadawa. Tun da darbejiya tana sake ganye kowace shekara, tilas a riƙa tsinkar sa lokaci guda, bayan hunturu kafin ruwan farko ya wanke shi. A auna wankakke da wanda ba a wanke ba, don a rarrabe abin da ƙura ta kawo da wanda saiwa ta zuƙo.

Sakamakon kuma kada a kulle shi a ofis. A buga shi da Hausa kowace shekara, a aika wa Hakimi da dagatai da masu maganin gargajiya.