Naman Dabbar Kwafi da Hakkin Mai Saye

A shekarar 1996 aka haifi wata tunkiya a gidan binciken dabbobi na Roslin, kusa da birnin Edinbara a ƙasar Sikotilan, aka sa mata suna Dolly. Ba ta hanyar barbara aka same ta ba. Masana ne suka ɗebi ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya, suka haɗa ta da ƙwan wata, suka dasa cikin mahaifar ta uku. Ƙwai 277 aka haɗa, ita kaɗai ta zo duniya. Irin wannan dabba ita ake kira kwafi, gama siffarta duka ta wadda aka ɗebi ƙwayarta ce.

Tun daga lokacin mutane suke tambaya ko cin namanta yana cutarwa. A watan Janairu na 2008 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta ba da amsa, ta ce nama da madara na kwafin shanu da awaki da aladu, da na 'ya'yansu, daidai suke da na sauran dabbobi. Kwafin tumaki kuwa ta ce hujja ba ta isa ba tukuna. A shekarar nan kuma hukumar abinci ta Turai ta duba, ba ta ga bambanci ba.

To, maganar masana abin karɓa ce, amma ba ta ƙare zancen ba. Hukumar Turai ɗin ta bayyana cewa da yawa cikin dabbobin nan suna shan wuya. Ciki yakan zube, ɗan maraƙi yakan yi girman da ya wuce kima har haihuwa ta gagari uwa, waɗansu kuma su mutu da ƙuruciya. Saboda haka a 2015 Majalisar Turai ta jefa ƙuri'ar neman a hana.

Abin da ya rage shi ne amana. Amurka ba ta wajabta sa alama a kan naman ba, watau mai saye yana cinikin biri a sama ke nan. Wani lafiya kaɗai yake nema, wani kuwa tausayin dabba zai hana shi ci ko da likita ya yarda. Kowannensu yana da hakkin sanin abin da ke cikin tukunyarsa. Hukumar da ta tabbata naman lafiyayye ne ba ta da dalilin ɓoye asalinsa. A rubuta, mai so ya saya, mai ƙi ya bari.