Daga Troy zuwa Bagadaza: Abin da Gure ke Jira daga Masu Nazarin Harshe

Wajen shekara ta 1136, wani malamin coci mai suna Geoffrey na Monmouth ya rubuta tarihin sarakunan Birtaniya da Latinanci. A cikinsa ya ce kakan mutanen tsibirin wani baƙo ne, Brutus, wanda asalinsa ya fito daga birnin Troy. Bahaushe ba zai ji wannan labari baƙo a kunnensa ba, domin shi ma ya gaji Bayajidda daga Bagadaza, maƙwabcinsa Babarbare kuma ya jingina sarautar Sefawa ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman. Al'umma uku ke nan da ba su yi shawara da juna ba, kowace ta ɗauko kakanta daga ƙasar da addininta ko iliminta ke girmamawa.

A ajin nazarin harshe, ɗalibai kan rabu gida biyu a kan irin waɗannan labarai. Wasu na haɗiye su ɗanye, wasu na watsar da su a matsayin tatsuniya, har ma a ji mai cewa tono su shirka ne. Duka biyun sun sauƙaƙa wa kansu aiki fiye da kima.

Darasin Birtaniya ya isa abin dubawa. Malaman addinin Keltawa, waɗanda ake kira druid, ba su yarda a rubuta koyarwarsu ba. Yawancin abin da ya rage game da su ya fito ne daga alƙalamin Rumawa irin su Yuliyos Kaisar, wanda ya yaƙi Keltawa. Sarki Arthur ma haka: Gildas, da ya yi rubutu a ƙarni na 6, bai ambaci sunansa ba, sai wajen 830 wani littafin tarihin Birtaniyawa ya jera yaƙe-yaƙensa. Amma inda takarda ta yi shiru, sunayen wurare sun yi magana. Koguna da dama a Ingila sunansu Avon, kalmar da har gobe take nufin "kogi" a harshen mutanen Wales. Harshen ya kau daga yankin, sunan ya tsaya kamar turke.

To, ina Avon ɗin ƙasar Muniyo? Gure, da ke sama da kilomita 150 gabas da Damagaram, mahaɗa ce ta Mangawa, Hausawa, Fulani, Buzaye da Tubawa. Heinrich Barth ya yada zango a can a watan Disamba na 1852, a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya kuma gana da Muniyoma Koso. Wato a nan ma baƙo ne ya riga ƴan gida ɗaukar alƙalami don duniya ta karanta. Taswirar da Faransawa suka bari kuwa ta rubuta Gouré, Bouné, Kellé da Guidiguir da ƙa'idar da ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mai neman asalin suna daga irin wannan rubutu yana laluben allura ne cikin rairayi.

Labarin Bayajidda kansa ta gabas ya biyo: ya sauka Borno, ya auri Magira, ya bar ta a Garun Gabas, ya sa maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, kafin ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. W. K. R. Hallam ya yi ƙoƙari a 1966 ya haɗa shi da Abu Yazid, ɗan tawayen Arewacin Afirka da ya mutu a 947. Hasashe ne mai daɗin ji, amma kamannin suna ba hujja ba ce. Haka nan fassarar nan ta "ba ya ji da", wadda duk ɗalibin shekarar farko ya kamata ya gane cewa ƙirƙirar baki ce ta bayan fage. Hujja mai nauyi tana wajen Joseph Greenberg, wanda a 1960 ya nuna cewa kalmomi irin su karatu, rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka shigo Hausa, ga kuma sarautu irin su Galadima da Ciroma. Labarin ya ce wani abu ya zo daga Borno, harshe kuma ya faɗi ko mene ne.

Mai suka zai ce kuɗin bincike ba su da yawa, kuma harsunan ƙasa sun fi bukatar littattafan firamare da ƙamus. Gaskiya ne. Sai dai ana iya rubuta ƙamus baɗi, amma tsohuwar da ta san sunan kowane dutse da tafki a kewayen Gure, da kirarin iskokin da ake cewa suna zaune a wurin, ba lalle ta kai baɗin ba. Aikin ma bai fi ƙarfin ɗalibi ba: wayar salula mai naɗar murya, littafin rubutu, da tafinta mai jin Manganci. A naɗi kowane suna daga bakin mutum uku aƙalla, a sa masa karin sauti, a rubuta bayanin da masu wurin ke bayarwa ko da bai gamsar ba, sannan a ajiye kwafi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram da cibiyar CELHTO ta Yamai. Hutun damina mai zuwa ya ishi ɗalibai huɗu su gama ƙauyukan da ke tsakanin Gure da Bune.