Masu Duban Hadari a Kasuwar Amurka

Ku sani a birnin Washington na ƙasar Amurka akwai babban bankin ƙasa, sunansa Federal Reserve, an kafa shi a shekarar 1913. Majalisarsa ta mutum 12 takan zauna sau 8 a shekara, ta yanke yawan kuɗin ruwan da bankuna za su ɗora wa junansu bisa bashi. Kafin kowane zama sai ka ga attajirai sun bar duban hajarsu, sun koma duban bakin shugaban bankin, kowa yana kintace: zai ƙara ne ko zai rage?

Waɗanda wannan kintace ya fi girgizawa su ne masu hannun jari a kamfanonin kwamfuta da intanet, waɗanda galibi ake cinikinsu a kasuwar Nasdaq ta birnin New York. Ga dalili. Irin wannan kamfani kamar dashen dabino yake, wanda ya saya ya sayi 'ya'yan da ba za su zo ba sai bayan shekaru. In kuɗin ruwa ya yi ƙasa, mai dukiya yakan haƙura ya jira dabino. In ya hau, har gwamnati ta riƙa biyan kashi 5 cikin ɗari ga wanda ya ranta mata, sai ya ce me zai sa ni jira? Sai ya sayar, wani ma ya sayar, farashi ya faɗi.

An gani da ido. A watan Maris na 2022 kuɗin ruwan nan yana kusa da sifiri, aka yi ta ƙara shi har ya wuce kashi 5 da kwata a watan Yuli na 2023. Cikin shekarar 2022 kaɗai ma'aunin Nasdaq ya zubar da sulusinsa. Gabanin haka, a watan Maris na 2000, ya haura 5,000 saboda ɗokin intanet, sa'an nan ya gangara, kafin ƙarshen 2002 ya rasa fiye da kashi uku cikin huɗu. Bai koma matsayinsa ba sai 2015. Shekara 15 ke nan, yaron da aka haifa ran faɗuwar ya isa sauke Alƙur'ani.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, yanzu samarinmu suna sayen waɗannan hannayen jari ta wayar hannu, har da waɗanda suka zauna gabanmu da allo. To, a rarrabe abu biyu. Wanda ya san kamfani, ya san abin da yake ƙerawa, ya tabbata sana'arsa halal ce, ya sa dukiyarsa ya yarda da riba da hasara, wannan tarayya ce, malamai sun san babinta da sharuɗanta. Amma wanda ya saya ran Talata don ya sayar ran Laraba da zarar shugaban banki ya buɗe baki, bai san abin da ya saya ba, zato ya saya. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san an hana sayar da kifi yana cikin kogi, da ɗan tayi yana cikin ciki, saboda garari. Maganar da ba a furta ba tukuna ta fi kifin nan ɓuya. Balle kuma abin da ake kintacen nasa, kuɗin ruwa ne, hukuncinsa kuwa ba ya ɓoye ga almajiri.

Saboda haka muna gargaɗi. Kada wani ya sa kuɗin sadaki, ko na hatsin gida, ko amanar marayu, ko abin da ya ranto, cikin wannan al'amari. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari ya haɗo. Malamai kuma su koyi yadda kasuwar take kafin su ba da fatawa, gama hukunci ba ya inganta sai an san abin da ake yi wa hukuncin.

Allah shi ba mu arziki na halal, shi tsare mu da kwaɗayi. Wassalam.